Aron Damina Ɗaya

A Gaundare, can cikin Kamaru, na fara gane cewa ban san inda za ni ba. Kafin nan kam ji nake na sani. Ɗan Liti, mutumin da ya tattaro mu a kasuwar Maigatari, ya ce aikin gona ne a Kamaru, gonar kofi: za a ba ka ɗaki da abinci, a yanka maka wuri ka dasa, girbin farko ku raba da mai gona. Ni kuwa kofi a gwangwani kaɗai na san shi, a teburin mai shayi. Da na tambaye shi yadda tsiron yake, sai ya ce, "Ka san zoɓo? To shi ke nan. Ja ne, tsinka ake yi." Mutumin da ya tashi a Ɗanzomo cikin gero da riɗi da zoɓo, a ce masa abu kamar zoɓo ne, ai an gama masa bayani. Ban ƙara tambaya ba.

Abin da na baro a gida gona ce, gonar mahaifina, kuma ni kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ƙasar ta gaji, gero ya yi ta ƙin kai mu bazara, shi ya tashe ni. Ƙanen mahaifina, Baffa Sale, ya karɓe ta aro a gaban mai unguwa, bai kuma ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Haladu, damina ɗaya zan riƙe maka ita. In ruwan ta biyu ya sauka ba ka nan, zan shuka, kuma ba zan sake shuka a ƙasa mai yunwa ba, sai na zuba mata taki. Ka san sauran." Na san sauran. A wajenmu, wanda ya zuba wa gonar aro taki ya shuka a kai, ba a tashinsa sai ya ci takinsa. Na kuma sha ganin yadda cin takin nan yake miƙewa har 'ya'yan mai aro su girma suna cewa gonar babansu. Na ce masa kafin ruwan damina ta biyu ina gida. 

To, a tashar Gaundare Ɗan Liti ya zaunar da mu ya ce bari ya je ya samo mana takardar hanya. Har yau yana samowa. Abokan tafiyata wasu suka juya, wasu suka bi masu shanu zuwa kara, kasuwar dabbobi, neman aiki. Ni abin da na riƙe sunan wani ƙauye ne a bayan Fumban da sunan mai gona, Baba Amadu. Inna, mahaifiyata, Bafillatana ce ta wajen Gagarawa, saboda haka ina jin Fillanci, kuma shi ya cece ni a can. Wani direban babbar mota mai ɗaukar albasa ya ce in hau baya, in dinga sa masa dutse a ƙarƙashin taya duk inda ya tsaya a hawa. Hawa kuwa ba ya ƙarewa a ƙasar nan. Ka gama wani, ka ga wani yana jiranka.

A wani shinge jandarma ya leƙo ya ganni a kan buhuna. Ni da ɗan Faransancina na bakin iyaka, wanda bai wuce gaisuwa da sunan mota ba, sai na gaishe shi da shi don in burge. Ai kuwa na jawo wa kaina. Mutumin nan ya saki Faransanci kamar an buɗe famfo, yana yi yana nuna ni yana nuna hanya, ni ina ta gyaɗa kai. Direba ne ya sauko ya raba mu. Da muka wuce ya ce, "Ka san abin da ka yi ta amsawa? Tambayarka yake ko ka shigo ƙasar ne ta ɓarauniyar hanya." Daga ranar na ajiye Faransancina.

A Banyo mota ta lalace muka yi kwanaki. Wata tsohuwa mai tallan nono ta ji Fillancina ta ce wannan ba na nan ba ne, na ina ne? Na gaya mata. Ba ta taɓa jin Gagarawa ba, amma ta zuba mini kindirmo ta ƙi karɓar komai, ta ce in sha don uwata. Na sha ina kau da kai, don idona ya cika. Daga Banyo zuwa gaba Fillancin ma ya fara ƙarewa. Na koma mutumin da ake yi wa magana da hannu.

Ƙauyen yana maƙale a jikin tsauni. Na iso da rani, amma ko'ina kore: ayaba, gwaza, fiya, da wasu itatuwa da ban san sunansu ba. Da safe gajimare yakan sauko har cikin gida, ka rasa gabas ka rasa yamma. Sallata ta farko a can bango na fuskanta da zato, daga baya aka juya ni. Baba Amadu dogon tsoho ne mai 'yar guntuwar Hausa ta kasuwar shanu. Bai san wani Ɗan Liti ba, amma yana neman hannu, kuma sharaɗin kamar yadda aka faɗa mini ne: ɗaki, abinci, wurin dashe, rabo a girbin farko. Ya kira wani ma'aikacinsa ya yi mana tafinta. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Ƙasar Gumel."

Ya ce, "Allah sarki. Har nan yunwa ta koro ku?"

Bahaɗeje ne, Malam Garba, ya daɗe a can har ya yi aure. Wanda ya san wasan da ke tsakaninmu da Haɗejawa ya san abin da na faɗa ciki. Ba ya kirana da sunana, sai Bagumale. A gidansa na fara cin miyar kuka bayan wata guda ina fama da tuwon masara da ganyen da ban sani ba. Amma ta bakinsa nake jin duk abin da aka ce mini, kuma ba na iya rabe inda fassara ta ƙare da inda tsokana ta fara.

Lokacin tsinkar tsohuwar gona na tarar. Kofin tsayinsa kamar tsayin mutum, 'ya'yansa jajaye a jere jikin reshe. Na ce a raina, lallai Ɗan Liti ɓarawo ne amma a nan bai yi ƙarya ba, ga zoɓo nan. Zoɓonmu ma ai a damina guda yake kai wannan tsayin. Na leƙa wurin renon dashe na ga 'yan tsirrai a baƙar leda sun kusa gwiwa tun ba a dasa ba. Na yi lissafina: a dasa da ruwan farko, a tsinka da kaka, in isa gida da sauran rani. Har na ji tausayin waɗanda suka juya daga Gaundare.

Bayan tsinka muka shiga haƙar ramuka a sabon wuri. A nan kaina ya fara juyawa. Baba Amadu ya zo da wata doguwar gwangwala, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya kafa tsinke a wannan kai, ya kafa a wancan. Tsakanin rami da rami jaki zai kwanta ya miƙe ƙafa. Ramin kansa kuma sai ka shiga har gwiwa, duk don tsiro ɗaya. Mu da muke sara da sungumi mu jefa ƙwaya da yawa a rami don mun san wasu ba za su fito ba, na ce wa Garba ya tambaye shi, in ɗayan ya mutu fa? Kuma wannan filin da ake bari a tsakani na waye?

Garba ya ce, "Ya ce na iska ne da rana. Ya kuma ce a garinku haka kuke haihuwa, goma-goma a ɗaki?"

Na tabbata maganar ta biyu ta Garba ce.

Mun yi nisa da haƙa sai ga 'yar Baba Amadu, Salamatu, ta zo daga gari a kan babur. Ta yi karatun aikin gona, tana aiki da ƙungiyar manoman kofi, kuma ita ta samo irin da za mu dasa. Ta sauka da igiya mai ƙulli-ƙulli a hannu, ta bi tsinkayen ubanta tana tumɓukewa. Tazarar igiyarta ba ta fi rabin gwangwalar da kaɗan ba. Uba da 'ya suka tsaya a bakin rami suna magana da harshensu, ba hayaniya, amma ba wanda ya matsa. Garba yana jefo mini gutsattsari. Ta ce wannan irin gajere ne, in an matse shi gona takan ba da yawa tun da wuri, inuwarsa ta kashe ciyawa, ruwa kuma ya daina kwashe ƙasa zuwa rafi. Na ce wallahi gaskiyarta. Tsohon ya ce itacen da aka matse faɗa yake yi da ɗan'uwansa a ƙarƙashin ƙasa, ba ya rayuwa sai da takin buhu kowace shekara, ran da ka kasa saya ya bushe a tsaye. Ya ce da tazara mutum zai sa wake da masara a tsakani ya ci. Na ce wallahi gaskiyarsa. Haka na wuni, duk wanda ya rufe baki a ƙarshe shi nake bi.

A ƙarshe suka raba tsaunin. Sama na gwangwala, ƙasa na igiya. Wurina ya faɗo a tsakiya, suka ce in yi yadda na ga dama tunda rabinsa nawa ne. Da sun sani da ba su ba ni wannan zaɓin ba. Ran da tsoho yake gona sai in ɗauki gwangwala don kunyarsa. Ran da na ji ƙarar babur sai in jawo igiya. Da aka gama dashe na hau sama na duba: nasa a jere, nata a jere, nawa kuwa wani layin a matse wani a warwatse. Garba ya ce ko daga Haɗeja aka hango wurin nan an san Bagumale ne ya yi.

Ruwa ya sauka tun ana tsakiyar zafi a gida, ya kuma ƙi ɗaukewa. Ni da na saba roƙon ruwa, sai ga ni ina roƙon rana. Sai maganar taki ta taso. A gida abin ba shi da wuya: ka yi noman fari, ka jira ruwa, ka ɗebi yuriya da yatsu ka ajiye a gefen kowane gindi, kafin mako ya zagayo gero ya yi duhu ka san ya ji. A nan Baba Amadu ya ba ni murfin kwalba. Ya ce cikinsa ɗaya, a zagaye tsiro daga nesa, daidai inda ganye yake ɗigar da ruwa, a rufe da kashin shanu da ɓawon kofi, shi ke nan sai baɗi. Salamatu ta ba ni kwalin ashana. Ta ce a zuba ta gefen sama kawai don ruwa ya gangaro da shi, a rufe da ƙasa, kuma a raba shi kashi-kashi a cikin damina, don in an zuba gaba ɗaya ruwan tsauni zai wanke. Na yi yawo da murfi a aljihun dama, kwali a na hagu. A sama ba matsala, a ƙasa ba matsala. In na zo wurina sai in tsaya ina tunanin layin gwangwala ne wannan ko na igiya, kuma in layin ya fara da gwangwala ya ƙare da igiya fa?

Abin da ya fi damuna shi ne tsiron ba ya ba ka amsa. Ka zuba, ka dawo bayan mako, yana nan yadda ka bar shi, ganye biyu ya ƙara ko bai ƙara ba.

Wajen ƙarshen damina na hau kan dutsen da ake samun sabis na kira Inna. Ta ce gero ya fitar da kai, zoɓon maƙwabta ya fara fure. Na sauko na bi layukana ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga reshe. Mafi tsayinsu bai kai ƙuguna ba, kuma ko alamar fure babu. Washegari muna saran ciyawa da Garba na ce, "Wai wannan abin yaushe zai yi fure ne? Kaka ta kusa fa."

Ya yi dariya har ya dafa adda. Da ya ɗago ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Haladu."

Tunda na zo bai taɓa kiran sunana ba.

"Tsakaninka da Allah, ba wanda ya gaya maka?"

"Gaya mini me?"

"Itace ne fa. Shekara uku in ya yi sauri. Girbin da za a kira girbi, huɗu ko biyar."

Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Na ce ai na ga na tsohuwar gona, tsayin mutum ne kawai. Ya ce sare masa kai ake yi don hannu ya kai, wasunsu sun girme ni. Na ce to shi da ya sani me ya zaunar da shi? Ya ce, "Ni na ce in nawa ya yi 'ya'ya zan tafi. Ya yi, sai na ce bari in ga na baɗi." Ya ci gaba da sara.

Na je wurin Baba Amadu da fushina, amma ban samu inda zan sauke shi ba. Tsohon ya fi ni mamaki. Ya ce shi bai taɓa jin mutumin da ya tambayi shekarun kofi ba, kowa da saninsa ake haifarsa. Ya ce bai yaudare ni ba, kuma gaskiya ne. Har yau ban san ko Ɗan Liti ma ya sani ba. Na koma ɗaki na rasa wanda zan zaga, sai na zagi zoɓo.

Daga nan wani tunani ya shige ni. Na ga da idona yadda yuriya take tashin gero. In murfin kwalba yana kai kofi shekara uku, cikin hannu fa? Na tambayi Salamatu, ta ce a'a. Na tambayi tsoho, ya ce a'a. Karon farko ke nan da na ji bakinsu ya zo ɗaya, kuma maimakon ya kwantar mini da hankali sai ya ƙara mini shakka. Mutanen da suka kasa yarda a kan tazarar rami, me ya sa zan ɗauka sun gwada wannan? Na sauka kasuwa na auno yuriya, na zaɓi wasu layuka a wurina, na zuba musu irin zubin Ɗanzomo, cikin hannu, dab da gindi.

Wannan karon tsiro ya ba da amsa, sai dai amsa biyu ya bayar. Wasu bakin ganyensu ya ƙone, suka kakkaɓe, suka bushe. Wasu kuma a layi guda da su suka yi baƙi-ƙirin, ganye fato-fato, suka wuce na sama da na ƙasa tsayi. Baba Amadu ya tsaya a kan matattun ya girgiza kai ya ce ka gani. Salamatu ta tsaya a kan dogayen ta ce wannan ganye ne kawai, ganye ba 'ya'ya ba ne, irin wannan ma jinkirin fure yake yi. Amma ta fitar da waya ta ɗauke su hoto ta kowane gefe, ta kuma tambayi Garba ranar da na zuba. Ni dai ban san ko kashewa na yi ko taimako ba. Tsoho bai yi mini faɗa ba. Ya aiko mini da sababbin tsirrai ya ce in ajiye in cike gurbi da ruwan baɗi, matarsa kuma ta haɗo mini da rigar sanyi.

Rani ya zagayo muka sake tsinkar tsohuwar gona. A nan ya kamata in tafi, na sani. Amma in tafi da me? Shekara guda ina haƙa ina saran ciyawa, sai 'yan buhunan waken da na noma a tsakanin layuka, wanda na riga na cinye rabi. In na shiga Ɗanzomo haka, me zan ce na je yi? In na zauna kuma, gona. Kullum da safe sai in yanke shawara, kafin azahar na warware ta. Sai Inna ta ce mini a waya shanun Baffa sun fara kwana a gonarmu. Na kira shi. Ya ce, "Shanu ai dole su kwana a wani wuri. Ban shuka ba tukuna. Maganarmu tana nan, ka zo kafin ruwa."

Na ɗaure kayana ke nan ruwan farko ya sauka a tsauni. Cikin 'yan kwanaki tsohuwar gona ta yi fari fat da fure, ƙamshi har cikin ɗaki. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a gona ba. Na shiga wurina don in yi masa kallon ƙarshe, sai na ga 'yan furanni a jikin tsiro biyu. Ba cikin dogayen da na cika wa yuriya ba, ba kuma cikin na murfin kwalba ba. A wani layi ne da na manta abin da na zuba masa. Na ruga na kira su. Tsoho ya ce in tsinke su, yaron itace in ya yi 'ya'ya da wuri lalacewa yake. Salamatu ta ce in bar su a gani. Na kwance kayana na ce bari in cike gurbin matattun, in zuba takin farkon ruwa, in ga ko furen zai kama, ai a gida da sauran lokaci.

Furen ya kaɗe, wasu 'yan ƙwayoyi kamar ƙwayar gero suka fito, na ce bari in ga ko za su girma. A ƙasar da kullum ake ruwa, mutum yakan daina jin tafiyar watanni a jikinsa. Ba zafin bazara, ba iskar da take juyawa, ba hadarin da ake hange a gabas a ce ya kusa. Garba ne ya same ni a tsugune ina leƙen reshe ya ce, "Bagumale, tashi ka tafi. Ka fara irin tsugunona." Baba Amadu ya ce ba zai hana ni ba, amma wuri na wanda yake kula da shi ne. Garba ya ce zai duba mini tsirran, sai dai ba zai yi mini alkawarin shekaru ba. Ya rako ni har bakin titi yana zagin Gumel, da mota ta tashi ya juya baya da sauri.

Hanyar da na bi a bushe na tarar ta zama taɓo. Tsakanin Banyo da Tibati manyan motoci suka kafe a jere, muka yi ta tura wannan muna tono wancan, ba sabis, ba labari. Kwanakin da na yi a wurin ban ƙirga su ba, don ƙirgawar tana tayar mini da hankali. Sai a Garwa wayata ta kama. Inna ta ɗauka, muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi lafiyata. Na ce, "Inna, an yi ruwa?"

Ta ce, "An yi."

"Ruwan shuka?"

"Ruwan shuka. Ya zo da wuri bana."

Daga Gumel ɗan acaba ya kai ni. Ban fara shiga gida ba, na ce ya sauke ni a gona. Gero ya fito ya kai tsawon yatsa, layi-layi, a kan ƙasar da ta yi baƙi da kashin shanu. Tunda nake ban taɓa ganin gonar mahaifina ta yi kyau haka ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Baffa ya hango ni ya taho. Ya yi mini barka da zuwa, ya tambayi mutanen can. Ya ce, "Na jira ka, Haladu. Kowa ya shuka ina zaune, har ƙasa ta fara shan iska. Ba zan bar ta haka ba."

Na ce, "Na sani, Baffa. Zuwa yaushe?"

Ya dubi gonar ya ce, "Takin shanu yana daɗewa. Sai mun ga yadda ƙasa ta yi."

Mutane suka yi ta zuwa yi mini sannu da zuwa, kowa da tambayarsa. Yaya ake shuka kofin? A matse ko a ware? Taki nawa yake ci? Sai in buɗe baki in ji muryar tsoho, in ji ta 'yarsa, in ce musu ya danganta. Suka fara cewa Haladu ya je Kamaru ya koyo rowar ilimi.

Bayan noman fari aka yi ruwa mai kyau. Da sassafe Baffa ya aiko in same shi a gona. Na tarar ya kwance bakin buhun yuriya. Ya ce 'ya'yansa sun tafi ɗaya gonar, in taya shi zubawa, zai sallame ni kamar yadda ake sallamar kowa. Ya ƙara da cewa tunda na yi aiki da masu ilimin abin, watakila ma in nuna masa wata dabara. Ba gatse yake yi ba, da zuciya ɗaya ya faɗa.

Na cika ƙwarya na shiga layin farko, wanda yake farawa daga gindin gawon da mahaifina yake ajiye butarsa. Na ɗebi taki na sunkuya. Aikin da na fara tun ban kai kan jaki tsayi ba. Hannuna ya je kusa da gindi ya dawo, ya matsa nesa ya dawo. Na rage abin da na ɗeba, na ga ya yi kaɗan, na ƙara, na ga ya yi yawa. Takin ya fara narkewa a tafina. Baffa ya kai tsakiyar layinsa ya waiwayo ya ganni a inda ya bar ni.

Ya ce, "Lafiya?"

Na ce, "Baffa, gonarka ce. Nawa kake so in zuba?"